Manna da Magani

Karatu: Fitowa 16:1-36

 Kafin ku ci gaba, ina roƙonku ku buɗe Littafi Mai Tsarki ku karanta sura 16 ta Fitowa, gama a kanta za mu tsaya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, tun ba iyaye mata ba, domin maganar ta shafi 'ya'yanmu.

Kun san labarin. Isra'ilawa suna cikin jeji, guzurinsu ya ƙare, suka yi gunaguni. Sai Allah ya saukar masu da abinci tare da raɓar safiya, suka kira shi manna. Ba su shuka shi ba, ba su nome shi ba, kyauta ce. Amma kyautar ta zo da ka'ida: akwai mudun da za a auna, akwai lokacin tattarawa, akwai abin da ba za a yi da ita ba. Allah ya gaya wa Musa a fili, da wannan abinci za ya gwada su, ya ga ko za su bi umurninsa. Waɗanda suka bi suka ƙoshi shekara 40. Waɗanda suka ƙi, abincin ya ruɓe a hannunsu.

A zamaninmu Allah ya ba mu wata kyauta mai kama da wannan, watau magungunan da ke warkar da yara. Ita ma ta zo da ka'ida, ita ma ta soma lalacewa a hannunmu.

KYAUTAR DA KAKANNINMU BA SU SAMU BA

Ku tambayi tsofaffin mata a Dabai, ko Senchi, ko Ribah, ko Mahuta, 'ya'ya nawa suka haifa, nawa kuma suka raya. Da yawa a cikinsu za su ƙirga maku da yatsu, su yi shiru. Agana ta kwashi waɗansu, baƙon dauro ya kwashi waɗansu, tarin shiƙa da sanƙarau da gudawa suka kwashi saura. Har yanzu akwai dattawa masu tabon lamba a dantse, shaidar yaƙin da aka yi da agana, har aka sanar a shekarar 1980 cewa ta ƙare a duniya duka.

A shekarar 1928 wani likita a London, sunansa Alexander Fleming, ya lura wata funfuna ta tsiro a kan farantin da ya ke renon ƙwayoyin cuta, ta kashe ƙwayoyin da ke kewaye da ita. Daga nan aka samo penisilin. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka soma yinsa da yawa, bayansa kuma aka samo waɗansu irinsa. Su ne a ke kira antibayotik. Masu bisharar UMS da suka zo ƙasarmu tun shekarun 1920 ba su raba wa'azi da jiyya ba, har suka kafa asibiti a Tungan Magajiya. Iyayenmu suka ga yaron da ciwon haƙarƙari ya kwantar ya tashi bayan kwana kaɗan, suka yi wa Allah godiya. Daidai ne su yi, gama shi ne ya halicci funfunar, shi ne kuma ya ba likitan idon gani.

YADDA KYAUTAR KE LALACEWA

Ƙwayoyin da ke kawo cuta ba iri ɗaya ba ne. Akwai bakteriya, su ne antibayotik ke kashewa. Akwai bairos, waɗanda ke kawo mura, da baƙon dauro, da yawancin gudawar ƙananan yara. Antibayotik ba ya taɓa su ko kaɗan. Akwai kuma ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ita da nata magani dabam. Kowane manomi ya san ba a fesa maganin ƙwari domin a kashe wuta-wuta a gonar dawa.

To, yaya magani ya kan rasa ƙarfinsa? Ku tuna da noma. Idan mutum ya yi noman ganin ido, ya sare ciyawa mai laushi ya bar mai taurin saiwa, wadda ya bari ita za ta yi 'ya'ya, baɗi kuma ita za ta cika gonar. Haka ya ke a cikin jiki. Duk sa'ad da aka sha antibayotik, ƙwayoyi marasa ƙarfi su kan mutu, masu taurin kai su saura, su hayayyafa. In an sha shi ba a kan bukata ba, ko an sha ƙasa da awo, an ba masu taurin kai fili ke nan a banza. Ku lura fa, ba jikin yaron ne ke sabawa da maganin ba, ƙwayar cutar ce ke koyon bijire masa. Ba ta kuwa zama a gida ɗaya. Ta kan bi hannu, ta bi ruwan sha, ta bi tari, ta shiga gidan maƙwabci.

Fleming da kansa ya yi wannan gargaɗi a shekarar 1945, sa'ad da aka ba shi lambar girma ta Nobel. Ya ba da misalin mutum mai ciwon maƙogwaro wanda ya sayi penisilin ya sha kaɗan, abin da bai isa ya kashe ƙwayoyin ba, sai dai ya koya masu juriya. Matarsa ta ɗauki cutar daga gare shi, aka ba ta penisilin bai yi aiki ba, ta mutu. Ya ɗora alhakin a kan mijin.

Abin da ya ji tsoro ya zo. Masana sun ƙididdige cewa a shekarar 2019 mutum wajen miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda bakteriyar da ta daina jin magani. Ɗaya daga cikin biyar na waɗannan yara ne da ba su kai shekara 5 ba, kuma Afirka ta Yamma ce abin ya fi yi wa nauyi. Wani bincike da aka yi a kan jarirai a ƙasashe 7 daga 2015 zuwa 2018, har da asibitocin Kano da Abuja, ya nuna yawancin ƙwayoyin da ke shiga jinin jarirai sun daina jin ampisilin, maganin da aka daɗe ana soma ba su. Mu ma mun ga irin wannan da idonmu a wajen zazzaɓi. Wa ya manta da kulorokwin? Shekara da shekaru shi ne madogararmu, har ƙwayar zazzaɓi ta bijire masa, a shekarar 2005 gwamnati ta sauya shi da wani.

RANA TA ƘARA ZAFI

Wani za ya ce, me ya sa a ke tayar da wannan magana yanzu? Domin cututtukan suna samun sababbin ƙofofi. Hayaƙin man fetur da gawayin ƙasa da duniya ke ƙonawa, tare da saran itatuwa, ya taru a sama kamar bargo yana riƙe zafi. Masu auna yanayi sun ce shekarar 2024 ta fi dukan shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka soma aunawa. Manomanmu ba su bukatar a gaya masu: ruwa ya kan sauka a yi shuka, ya ɗauke har shuka ta ƙone, sa'an nan ya dawo da ƙarfi gaba ɗaya.

A daminar 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jiharmu ta Kebbi. A 2022 ta kashe fiye da mutum 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. Ku bi sawun ruwan nan ku ga inda ya ke zuwa. Ya kan wanke bayan gida da juji ya zuba a rijiya da rafi, sai ga gudawa da kwalara. Ya kan kwanta a kududdufai, sai ga sauro. Ya kan ɓata amfanin gona, sai ga tamowa, yaro mai tamowa kuwa ba shi da ƙarfin tsayayya da cuta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A wancan gefe kuma ga ƙurar hunturu da zafin bazara, lokacin sanƙarau ke nan. A 1996 ya kashe fiye da mutum 11,000 a ƙasar nan, yawancinsu a Arewa. A watan Maris na 2025 hukumomin Kebbi suka ba da labarin mutuwar mutum 26 a Gwandu da Jega da Aliero. A ƙasar Zuru muna da ƙarin nauyi, gama 'yan bindiga sun kori iyalai da yawa daga ƙauyukansu, suna cunkushe a ɗakunan dangi, inda tarin yaro ɗaya ya kan zama na goma.

Ga yadda igiyar ta ɗauru: ciwo ya ƙaru, shan magani ya ƙaru, shan magani barkatai ya ƙaru, ƙarfin magani ya ragu. Kada wani ya ce wa uwar da yaronta ke kwance zunubinta ne ya jawo. Ubangijinmu ya kawar da irin wannan tunani a Yohanna sura 9. Amma akwai abin da ke hannunmu, za a kuwa tambaye mu a kansa. Bari mu koma ga ka'idodin manna.

NA FARI: AKWAI MUDU

An ce kowa ya tattara mudu guda, wanda su ke kira omer, bisa ga yawan mutanen da ke alfarwarsa. Ba a bar wa kowa ya yanka wa kansa awo ba.

Magani ma yana da mudu. Ma'aikacin lafiya ya kan duba irin ciwon, da shekarun yaro, da nauyinsa, sa'an nan ya faɗi cokali nawa, sau nawa a yini, kwana nawa. Mu kuwa me mu ke yi? Yaro ya yi zazzaɓi, uba ya tura yayansa kemis ya ce a haɗo na naira kaza. A ranar kasuwa ga mai talla da kwalin magani a ka, rana na dukansa tun safe, ya tsinko kafso biyu ja da rawaya, a buɗe a zuba wa yaro a koko. Wannan kafso, watau tetarasaikilin, ba a ba yaron da bai kai shekara 8 ba sai da dalili mai ƙarfi daga likita, gama ya kan ɓata haƙora. Waɗansu kuma su kan ɗiga wa jariri lafiyayye antibayotik tun ranar haihuwa, wai domin a wanke masa ciki. Har kajinmu mu kan zuba masu a ruwan sha kullum, ba su da ciwon kome.

'Yan'uwa, ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba, ba kuma kowane tari ne ke son antibayotik ba. Ana gwajin zazzaɓin cizon sauro da ɗigon jini ɗaya daga yatsa, cikin minti kaɗan a ga amsa. A gwada tukuna. Idan ma'aikacin lafiya ya ce mura ce, a ba yaro ruwa da abinci da hutu, kada mu fita muna cewa bai san aiki ba tun da bai yi allura ba. Isra'ilawa ma sun raina manna daga baya, suna marmarin nama, kun san kuwa yadda marmarin ya ƙare a Littafin Lissafi sura 11.

NA BIYU: KADA A AJIYE SAURA

Musa ya hana a bar manna ya kwana. Waɗansu ba su ji ba, suka ɓoye kaɗan domin gobe. Da gari ya waye sai ga tsutsa a ciki, yana wari. A ganinsu tattali su ke yi, ashe rashin biyayya ne.

Uwa, an ba ki maganin kwana 5, a kwana na 2 yaro ya tashi yana wasa. Sai ki ce, bari in ajiye sauran domin ƙanensa in ya kwanta. Na san dalili, kuɗi ba su samuwa da sauƙi. Amma ki sani yaron ya ji sauƙi ne kawai, mai yiwuwa ƙwayoyin ba su ƙare ba. Ki cika kwanakin da aka faɗa maki. In kin ga maganin yana wahalar da shi, ki koma wurin wanda ya ba ki, shi ne za ya ce a tsaya ko a sauya. Ciwon ƙanensa kuma mai yiwuwa wani ne dabam. Maganin ruwa na yara da a ke haɗawa daga gari ba ya daɗewa bayan an zuba masa ruwa, balle a ɗakin kwano cikin zafin watan Afrilu. Kada ki ba maƙwabciya saura, ko da ƙauna ce ta sa ki. Ki raka ta ɗakin shan magani, wannan ita ce ƙaunar da za ta amfani ɗanta.

NA UKU: A YI SAMMAKO

Manna na safe ne. Da rana ta yi zafi sai ya narke, wanda ya makara ya koma da ƙwarya wofi.

Kada kowa ya ji abin da na faɗa a baya ya ce to, magani abin gudu ne. A'a. Yara da yawa suna mutuwa domin ba a kai su wurin magani da wuri ba. Ciwon haƙarƙari, da sanƙarau, da cutar jinin jarirai suna bukatar antibayotik, da gaggawa kuwa. Ku riƙe waɗannan alamu, ku koya wa juna: yaro ya kasa shan nono ko ruwa; yana amayar da dukan abin da ya sha; yana jijjiga; ya yi laushi ba ya farkawa sosai; wuyansa ya sanƙare; maɗigarsa ta kumbura ko ta faɗa; akwai jini a bayan gidansa; ƙasan ƙirjinsa yana shiga ciki in ya ja numfashi. Ku ƙirga numfashinsa na minti ɗaya sa'ad da ya ke kwance shiru. In ya kai 60 ga jaririn da bai cika wata 2 ba, ko 50 ga wanda bai cika shekara ba, ko 40 ga mai shekara 1 zuwa 5, numfashin ya yi sauri. Jaririn da bai cika wata 2 ba kuwa, in jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙwarai, ba a kwana da shi a gida.

Ku tuna da matar Shunem a II Sarakuna sura 4. Ɗanta ya bi ubansa gona lokacin girbi, ya kama kuka da ciwon kai. Uban ya sa bara ya kai shi wurin uwarsa, da tsakar rana yaron ya cika a kan cinyarta. Da ta tashi tafiya wurin Elisha, mijin ya tambaye ta dalili, tun da ba ranar sujada ba ce. Ba ta tsaya gardama ba, ta ɗaura wa jaki sirdi, ta hana bara ya rage sauri. Ku maza, wannan taku ce. Sau nawa uwa ta kan ga yaro yana shiɗewa, amma ba ta da izinin fita, ba ta da kuɗin babur, mai gida yana gona ko yana kasuwa? Ka ba matarka izini tun yau, ka ajiye mata kuɗin hanya a wurin da ta sani.

Addu'a fa? Mu yi ta, mu kira dattawan Ekklisiya kamar yadda Yaƙub ya umurta. Amma a yi ta a kan hanya, a yi ta a bakin gadon asibiti. Sarki Hezekiya ya yi addu'a da hawaye, Allah ya ji, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora curin ɓaure a kan marurun. Duk wanda ya ce maka kai yaro asibiti rashin bangaskiya ne, ka tambaye shi ko ya fi Ishaya bangaskiya.

NA HUƊU: SHIRIN RANA TA SHIDA

A rana ta shida an umurce su su tattara riɓi biyu, su dafa, su toya, domin kashegari ba za a samu a fili ba. Allah ya koya masu shiri tun bukata ba ta zo ba. Ciwon da aka tare a ƙofa ba ya cin magani ko ƙwaya ɗaya.

A binciken da gwamnati ta yi a 2021, cikin yara 100 da aka gwada a Kebbi an sami ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jinin 49, babu jihar da ta kai mu. Saboda haka a watan Disamba na 2024, da aka soma allurar rigakafin wannan zazzaɓi a Nijeriya, da Kebbi da Bayelsa aka fara. Sau 4 a ke yinta: a wata na 5, na 6, na 7, da na 15. Ba ta ɗauke bukatar gidan sauro ba, tare su ke aiki. Gidan sauron kuwa na gadon yara ne, ba na shingen lambu ba. Da damina masu aikin lafiya su kan zaga gida gida wata wata da maganin kare yara daga wata 3 har zuwa shekara 5. Ku buɗe masu ƙofa, ku cika na kwana 3 ɗin.

Ku duba katin rigakafin kowane yaro: na haihuwa, na mako 6, da 10, da 14, na wata 9, da na wata 15. Tun 2022 an ƙara ɗigon baki na kare gudawa mai tsanani. Cutar mashaƙo da ta kashe yara da yawa a Kano a 2023 ta fi kama waɗanda ba a cika masu rigakafi ba. Jariri ya sha nono zalla wata 6, ko a bazara, gama akwai isasshen ruwa a ciki. A gina wa rijiya baki, a rufe ta, a haƙa masai nesa da ita, a tafasa ruwan sha bayan ambaliya, a wanke hannu da sabulu. In gudawa ta zo, a soma da ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, a dama shi da gwargwadon ruwan da aka rubuta, a haɗa da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, kada a daina ba da nono da abinci. Mu dasa itatuwa a gidajenmu da filin majami'a, gama Allah ya sa Adamu a gonar Adnin domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta.

NA BIYAR: KADA WANI YA RASA

Da aka auna manna, mai yawa bai yi rara ba, mai kaɗan bai gaza ba. Manzo Bulus ya ɗauko wannan a II Korantiyawa sura 8 domin ya koya wa Ekklisiya taimakon juna. Yawancin masu sayen rabin magani ba don wauta su ke yi ba, abin da ke aljihunsu ke nan. In muka yi masu faɗa kawai muka wuce, mun zama kamar firist da Balawi a hanyar Yariko.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowace Ekklisiya ta iya keɓe tiya guda ta dawa daga kowane gida da kaka, a sayar, a yi asusun marasa lafiya, domin gwauruwa ko ɗan gudun hijira su sayi magani cikakke. Matasa masu babur su rubuta sunayensu, a san wanda za a tasa da dare. Zumuntar mata ta gayyato ma'aikaciyar lafiya ta koyar da alamun haɗari. Kai ɗan'uwa mai kemis, kai ma mai bi ne a bayan kanta kamar yadda ka ke a majami'a; kada ka sayar da antibayotik ba takardar likita, kada ka tsinka shi biyu biyu, ka duba lambar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Kada mu tsaya ga namu kaɗai. Ƙwayar cuta ba ta tambayar addinin kowa, rijiya ɗaya mu ke sha da maƙwabtanmu Musulmi da masu bin al'adar gargajiya, lafiyar ɗansu lafiyar namu ce.

TULUN DA AKA AJIYE

A ƙarshen surar, bisa ga umurnin Allah, Musa ya ce wa Haruna ya zuba mudu guda na manna a tulu, a adana shi domin tsararraki masu zuwa su gani. Wannan kaɗai ne bai ruɓe ba tsawon shekaru, gama bisa ga umurni aka ajiye shi. Samo sabon antibayotik aiki ne na shekaru da yawa da kuɗi masu yawa, in an samo shi kuma ya kan yi tsada, ya kan daɗe bai iso ƙauye ba. Waɗanda mu ke da su yanzu amana ce. Jikokinmu za su yi ciwon haƙarƙari kamar yadda 'ya'yanmu ke yi. Za su tarar da magani mai aiki, ko za su tarar da kwalba wadda muka riga muka kashe ƙarfinta?

Sauran magana ɗaya, domin iyayen da suka yi iyakar ƙoƙarinsu, duk da haka suka binne ɗa. Ubangiji Yesu ya tuna wa Yahudawa a Yohanna sura 6 cewa waɗanda suka ci manna a jeji sun mutu daga baya, ya kuwa nuna kansa shi ne abincin da ke ba da rai madawwami. Magani ya kan ƙara kwana, ba ya kawar da mutuwa. Mai kawar da ita shi ne wanda ya rungumi yara ƙanana ya sa masu albarka, ya mutu, ya tashi. Ɗanku yana hannun da ya fi naku taushi. Ku dogara gare shi, ku kuma taimake mu tsare yaran da suka saura.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode maka domin 'ya'yan da ka ba mu, da magungunan da ka tanada dominsu. Ka ba mu zuciyar biyayya, mu auna daidai, mu tashi da wuri, mu tuna da matalauta. Ka ƙarfafa likitoci da ungozomai da dukan masu jiyya. Ka ba mu ruwa a kan kari, ka maido da salama a ƙasarmu. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.